Tafiya a Ƙafa Cikin Duwatsun Gashaka

Yawancinmu da muka girma a ƙasa mai shimfiɗe ba mu cika tambayar inda ruwan kogi ya ke fitowa ba. Muna ganin kogi ya cika da damina, ya janye da rani, mu yi su, mu yi noman fadama, mu shayar da dabbobi, shi ke nan. Amma kowane kogi yana da mafari, kuma mafarin nan yana iya lalacewa. Wannan shi ne babban abin da na koya sa'ad da na yi tafiyar kwana huɗu a ƙafa cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, ina kuwa so in ba masu karatu labarin abin da na gani.

Bari in fara da bayanin wurin. Gashaka-Gumti yana kan iyakar Nijeriya da Kamaru, rabinsa na kudu cikin Jihar Taraba, na arewa kuma cikin Jihar Adamawa. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 6,000, babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya duka. A shekarar 1991 ne Gwamnatin Tarayya ta haɗa gandun Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya. Sashen Gumti fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Sashen Gashaka kuwa duwatsu ne da kwaruruka da kurmi. A nan ne Chappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu, mita 2,419, watau ƙafa 7,900 da 'yan kai.

Mun tafi cikin watan Janairu, mu uku. Daga Jalingo muka bi ta Bali har Serti, inda hedkwatar gandun ta ke, a kan hanyar da ta hau Mambila. A can aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ma'aikacin gandu wanda zai yi mana jagora. Ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai, kuma daidai ne, gama dajin nan ba wurin da mutum zai yi ta lalube ba ne. Daga Serti mota ta kai mu ƙauyen Gashaka, muka ɗauki samari biyu masu ɗaukar kaya.

Kusa da ƙauyen akwai kangon wani sansani na Jamusawa a bisa tudu. Dā wannan ƙasa tana cikin Kamaru ta Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingilishi, sa'an nan a shekarar 1961 mutanen yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Yanzu ciyawa da itatuwa sun rufe yawancin ginin, sai tarin duwatsun bango.

Da asuba muka kama hanya. Turba ce ta ƙafa, tsohuwa ƙwarai, wadda fatake da masu shanu suka daɗe suna bi zuwa kan duwatsu. Muka haye rafi bayan rafi, ruwan garau har ana ganin tsakuwa a ƙasa, ga sanyi kamar na randa. Abin ya ba ni mamaki, domin a lokacin an yi wata biyu ba a ga ɗigon ruwan sama ba, rafuffukan garinmu kuwa duk sun zama yashi. Na tambayi jagoranmu dalili. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri mu shiga kurmi, za ka gani da idonka."

Bayan tafiyar 'yan sa'o'i muka isa Kwano, inda masu binciken birai su ke da masauki. Wani shehun malami na jami'ar Landan, Volker Sommer, shi ya kafa aikin binciken nan a shekarar 2000. Abin da ya jawo su shi ne babban birin nan marar wutsiya wanda mutanen wurin su ke kira biri mai ganga. An ba shi sunan ne domin yakan bubbuga saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, amon ya tafi nesa cikin kurmi. Irin wanda ke nan ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, kuma ya ragu ƙwarai. Masu binciken sun tarar yakan gyara sanda ya zura cikin amya ya ɗebo zuma, ya kuma yi amfani da tsinke wajen kamo kwarkwasa. Mu dai ba mu gan shi ba, gama yana gudun mutane, amma an nuna mana sheƙarsa ta ganye can ƙwanƙolin itace, inda ya kwana. Gwaggon biri kuwa mun gani garke guda, da wani biri baƙi mai farin gashi a kafaɗa da doguwar wutsiya, yana tsalle daga reshe zuwa reshe.

A cikin kurmin nan ne jagora ya cika alkawarinsa. Ya durƙusa ya tura hannu cikin busasshen ganyen da ya rufe ƙasa, ya ɗebo abin da ke ƙarƙashi ya miƙa mini. Baƙar ƙasa ce mai laushi, da laima, ko da ya ke tsakiyar rani ne. Ya ce ruwan da ke sauka a duwatsun nan yana da yawa, ana yin wajen wata bakwai ana sheƙa shi. Ganyen itatuwa yana rage ƙarfin faɗuwarsa, ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi su shanye shi kamar soso, sa'an nan ƙasa ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har damina ta zagayo. Waɗannan ƙananan rafuffuka su ne ke haɗuwa su zama koguna kamar Mayo Kam, su zuba cikin kogin Taraba, wanda ya bi ta Bali da Tella ya faɗa Binuwai. Ashe mai su a Ibi da mai noman rani a Makurɗi suna da rabo cikin wannan kurmi, ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

Kashegari muka fara hawa sosai, zuwa Chappal Hendu, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 2,000. Da Fillanci hendu iska ke nan, sunan kuwa ya dace da shi. Hawan nan ba wasa ba ne. Gwiwa ta yi ta rawa, numfashi ya yi ta sama sama, gumi ya jiƙa riga. Samarin da ke ɗauke da kayanmu ba sa gudu, ba sa kuma yawan tsayawa. Takunsu gajere ne, ɗaya bayan ɗaya, mu ma muka koyi tafiya irin tasu. Babban cikinsu ya dube ni ya ce, "Baba, sannu ba ta hana zuwa." Da muka fita daga kurmi sai ga tuddai masu gajeriyar ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, da ƙananan kurame a cikin kwazazzabai. Da dare sanyi ya sauko mai shiga ƙashi, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri shida.

A kan dutsen akwai rugagen Fulani. Doka ta keɓe musu wasu wurare cikin gandun inda za su zauna su yi kiwo, gama can sama babu ƙudan tsando da ke kashe shanu. Sun karɓe mu da kyau, suka kawo mana nono da fura. Amma a nan kuma na ga abin da ya dame ni. Kowace shekara akan sa wa ciyawa wuta domin sabuwa ta tsiro, wutar kuwa ba ta san iyaka ba, takan ci gefen kurmi kaɗan kaɗan. Inda shanu suka yi yawa, kofatonsu ya daddaɓe ƙasa, ruwa ba ya shiga, sai ya gangara da gudu ya tafi da ƙasar. Na ga inda gefen tudu ya zaftare ya bar jan miki. Wani dattijo a rugar ya nuna mini wata maɓuɓɓuga ya ce yana yaro ba ta ƙafewa, yanzu kuwa kafin bazara ta tsaya.

A ƙasa kuma akwai wata masifa. A shekarun 2010 masu sayen katako suka rutsa Jihar Taraba suna neman madobiya, wadda 'yan kasuwa su ke kira madrid, ana loda ta a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, a kai ƙasar Sin. Dazuzzuka da yawa da ke kewaye da gandun sun rasa manyan madobiyoyinsu cikin 'yan shekaru. Ga mafarauta kuma, da masu haƙar ma'adinai. Ma'aikatan gandu suna aiki mai haɗari ƙwarai, har waɗansu sun rasa rayukansu a bakin aiki. A shekarar 2017 wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa domin taimakawa wajen tsaron wurin da horar da ma'aikata.

Ba na ganin laifin makiyayi don yana son shanunsa su ƙoshi, ko na saurayin da ya sare itace don ya sami kuɗin aure. Amma riba ta shekara ɗaya ce, hasarar kuwa ta jikoki ce. Idan kurmin kan dutse ya ƙare, ruwan wata bakwai zai sauko gaba ɗaya ya cinye gonaki, sa'an nan da rani a rasa na sha.

Ga wanda ke da niyyar zuwa, ga shawarata. Ka tafi tsakanin Disamba da Maris, gama da damina koguna sukan tare hanya. Ka tuntuɓi ofishin Serti tun kana gida, ka tambayi lafiyar hanya, ka kuma bi abin da suka faɗa maka. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, da riga mai dogon hannu saboda tsando, ka riƙe bargo mai kauri. Guzuri ya zama marar nauyi, kamar garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi. Ka tafasa ruwa kafin ka sha. Ka biya masu ɗaukar kaya hakkinsu ba tare da ja-in-ja ba, ka kashe wutarka sarai, kada kuma ka bar leda ko gwangwani a daji.

Iyaye, in kuna da yara da suka tasa, ku yi ƙoƙari ku kai su ko da Kwano ne su juyo. Gani ya kori ji. Yaron da ya taɓa damshin ƙasar kurmi da hannunsa cikin rani zai san inda ruwan da ya ke sha ya fito, zai kuma yi tunani kafin ya cinna wa daji wuta.