Tamanin a Ingila, sifili a Riyad

Duk wanda ya yi karatun lasin tuƙi a Ingila ya haddace lamba ɗaya: 80. Wato miligiram 80 na barasa cikin mililita 100 na jini, iyakar da doka ta sa tun 1967. Ka haura ta, a hana ka tuƙi aƙalla shekara guda, ga tara, wani ma har wata shida a gidan yari. Sukotland ta sauko zuwa 50 a 2014.

Ni dai ba na sha, amma shekarata uku a jami'a cikin masu sha. Suna da tsarinsu fa. Kafin a fita an ware wanda zai tuƙa, shi lemo kawai zai sha har gari ya waye. In kowa ya sha, a kira tasi, babu mai jin kunya.

To a Riyad, inda aka haife ni, babu lambar da za ka haddace. Tun 1952 Sarki Abdul'aziz ya haramta giya, bayan ɗansa Mishari ya harbe wani jami'in jakadancin Birtaniya a Jidda a 1951. Shagon da aka buɗe a unguwar jakadu a 2024 ba na Musulmi ba ne, ka cire shi daga lissafi. Ɗan digo a jininka laifi ne tun kafin ka taɓa sitiyari. In kuma 'yan murur suka kama ka kana tuƙi a buge, tarar riyal 5,000 zuwa 10,000 ce, shan kansa kuma shari'arsa daban.

Amma jama'a, mu daina yaudarar juna: ana sha. Akwai masu tafiyar kusan kilomita 400 zuwa Dammam su haye gadar Sarki Fahad su shiga Bahrain, su juyo da sassafe. Suna ganin barcin awa uku da gahawa sun wanke su. Ina! Hanta ba ta san gaggawa ba, abin da aka yi awa biyar ana ɗurawa ba ya fita don ka watsa ruwa a fuska. Akwai kuma masu haɗuwa a istiraha can wajen Sumama, ana zagayawa da sadiki, wanda aka dafa a ɓoye. Kwalbar ba ta da takarda, ba wanda ya san ƙarfinsa. Yaron da ya koyi ƙirga kofi a Landan, me zai ƙirga a nan?

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin tashi. Saurayi a istiraha ƙarfe ukun dare, kansa na juyawa. Ba zai kira Baba ba. Ba zai kira Yaya ba, don gobe zance ya kai Makka, jibi ya kai Kano. Yana tsoron Uber ko Careem, kada direba ya ji wari. Barin mota a can ma tambaya ce da safe. Sai ya ga babu mai rufa masa asiri kamar makullin da ke aljihunsa, ya hau titi, inda wani bawan Allah ke dawowa daga aikin dare.

Kuma mu da 'yan ƙasa ba ɗaya muke ba. Yawancinmu da iƙama muke zaune, komai tsufan zaman iyayenmu a nan. Ɗan ƙasa zai gama hukuncinsa ya koma ɗakinsa. Kai kuwa ana iya ƙara maka da tarhil, a sauke ka a filin jirgin Malam Aminu Kano da Hausar da rabinta Larabci ne, ba ka san ko hanyar Kurna ba.

Hutun da ya wuce na ɗaure na tambayi Baba, muna shan shayi bayan isha'i. Na ce, "Baba, da a ce ƙanena zai kira ni tsakar dare a irin wannan halin, ya zan yi?"

Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin tashi.

"Allah ya kiyaye," ya ce. "Amma in ya kira, ka je ka ɗauko shi, ka karɓe makullin. Kada ka tashi uwarku. Ni da shi sai da safe."