Ga Zaƙi Ga Harbi: Labarin Gidajen Alewa Biyu

Kowane mai sana'a ya san wahalar neman jari da ta neman kasuwa, amma wanda ya tashi a gidan da uba da 'ya'ya su ke sana'a guda ya san wata wahala da ta fi waɗannan, watau yadda za a raba iko tsakanin mutanen da su ke cin tuwo a akushi ɗaya. Ni a irin wannan gida na tashi, gidan masu alewa cikin birnin Zariya, na ga bunƙasarsa, na kuma ga watsewarsa. Daga baya na karanta tarihin wani gidan masu alewa na ƙasar Amurka, gidan Mars, sai na ga ashe cutar iri ɗaya ce, magani ne ya bambanta.

Kakanmu ya koyi sana'ar tun zamanin da a ke yin alewa da maɗin ɗinya, kafin sukari ya wadata. A lokacin da na yi wayo kuwa sukari a ke dafawa cikin babbar tukunya, a zuba ɗan ruwan tsamiya don kada ya koma gari. Tsoho ya kan ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ya daskare ya karye ƙwas, to, ya yi. Sa'an nan a juye a faranti mai mai, ya ɗan huce, a rataya a turke a yi ta ja ana ninkawa har iska ta shige shi ya zama fari fat. Mata a cikin gida suna kantun riɗi da alewar gyaɗa, mu yara kuma talla bayan an tashi daga makarantar allo. Duk abin da aka sayar jakar tsoho ya ke shiga. Babu mai albashi, amma kuma babu mai kwana da yunwa, daga nan a ke ɗinkin Salla, daga nan a ke aurar da kowa.

Kasuwa ta buɗe ƙwarai bayan fitowar naira a 1973 da ƙarin albashin Udoji da ya biyo baya. Buhunan sukarin Bacita su ka riƙa shigowa, 'yan tebur na ƙauyuka su ka riƙa zuwa sari tun da asuba. To, arziki na shigowa sai magana ta taso. Babban baffanmu, ɗan uwargida, shi ke riƙe da ciniki. Ƙaramin baffanmu, ɗan amarya, ya yi aiki a masaƙa a Kaduna, ya ga yadda a ke tafiyar da masana'anta, ya kuma lura da alewar TomTom da kamfanin Cadbury ya fara yi a Ikeja a 1970, kowace a naɗe cikin takardarta, ƙuda bai taɓa ta, ƙura ba ta hawanta. Wata rana ya durƙusa gaban tsoho ya ce, "Baba, in ka yarda mu sayi injin yanka, mu riƙa naɗewa da sunan gida, mu buɗe littafin shiga da fita, kowa kuma a yanka masa albashi." Tsoho ya dube shi ya ce, "Kai yaro, da wannan turken na aurar da ku duka, yau kuma takarda za ta koya mini sana'a?"

Maganar inji ba ta dami babban baffa ba. Maganar littafi ce ta soke shi, don ya ɗauka ana nufin yana ha'inci. Kafin kwana uku zance ya shiga ɗakunan iyaye mata, ya tashi daga shawarar kasuwa ya koma 'yan ubanci. Tsoho bai ce wa kowa ƙala ba, yana ganin in aka yi shiru wutar za ta mutu da kanta. Ƙaramin baffa ya koma Kaduna hannu rabbana, bai sake taɓa tukunyar alewa ba. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sa sukari ya yi tsada, ba a daɗe ba kuma Allah ya yi wa tsoho rasuwa. Malamai su ka zo su ka raba gado bisa shari'a, aka fitar da tumunin takaba, kowa ya sami rabonsa na gida da tukwane da kuɗi. Amma akwai dukiyar da ba ta rabuwa, watau sunan gida da amanar masu sari da haɗin hannun da ke sa aiki ya tafi. Cikin 'yan shekaru wutar murhun ta mutu.

Yanzu mai karatu ya dubi gidan Mars. Frank Mars, wanda aka haifa a 1883, shan inna ta kama shi yana yaro, mahaifiyarsa ce ta koya masa yin alewa a ɗakin girki. Aurensa na fari ya mutu, aka kai ɗansa Forrest, haifaffen 1904, wurin kakanninsa na wajen uwa a Kanada, can ya girma nesa da uba. Frank ya sake aure, ya fara sana'a tare da amaryarsa a garin Tacoma a 1911, ya yi ta faɗi tashi, sai a 1923 ya dace da alewar cakulan mai suna Milky Way. A 1929 aka koma sabuwar masana'anta a Shikago, a 1930 aka fito da Snickers, wadda aka sa wa sunan dokin gidan. Forrest ya gama karatu a jami'ar Yale ya shiga aikin ubansa, ga ilmin zamani ga zafin zuciya. Yana so a faɗaɗa kasuwa zuwa ƙasashen waje, a kuma ba shi kaso nasa, uban kuwa ya ga abin da aka samu ya isa. Zama ya gagara.

Nan ne hanyar gidan Mars ta rabu da ta gidanmu. Frank bai sallami ɗansa hannu wofi ba, ya ba shi dala 50,000 da izinin yin Milky Way a wajen Amurka. A 1932 Forrest ya sauka garin Slough kusa da Landan, ya gyara ɗanɗanon alewar ta dace da bakin mutanen Ingila, ya sa mata suna Mars. Uban ya rasu a 1934, kamfanin Shikago ya faɗa hannun matar uba da 'yarta Patricia. Forrest ya koma Amurka, a 1941 ya fito da M&M's, ƙwayoyin cakulan masu ɓawon sukari da ba su narkewa a hannu, sojoji su ka yi ta amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi shekaru yana ja-in-ja da dangin matar ubansa yana sayen hannun jari, sai a 1964 ya mallaki kamfanin uban ya haɗa da nasa, shekara 30 cif bayan rasuwar Frank.

Ba na ce gidan Mars gidan zaman lafiya ba ne. Forrest ya shahara da tsanani da faɗa, ga ma'aikata da 'ya'yansa duka, kuma rabuwarsa da uba ba ta gyaru ba har mutuwa ta shiga tsakani. Amma ya yi abin da tsofaffi da yawa ba su iyawa, ya miƙa wa 'ya'yansa kamfanin a 1973 yana da ransa da lafiyarsa. Da zaman banza ya ishe shi sai ya buɗe wata 'yar masana'anta a jihar Nevada, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Ethel M. Ya rasu a 1999 yana da shekara 95. Kamfanin ya sayi Wrigley mai cingam a 2008 a kan dala biliyan 23, har yanzu kuma mallakar zuriyar ne, ko da ya ke sun daɗe da damƙa shugabancin aikin yau da kullum ga ƙwararrun da ba 'yan gidan ba.

Abin da na fahimta daga gidajen nan biyu shi ne, saɓani tsakanin tsoho mai riƙon gargajiya da yaro mai son sabon abu dole ne, harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin tambaya shi ne me uba zai yi da ɗan da gida ya yi wa kaɗan. In ya ba shi jari da albarka ya ce je ka gwada, ko ba su shirya ba, reshen gidan ne ya tsiro a wani wuri. In kuwa ya yi shiru ya bar shi ya fita da ɓacin rai, gidan ya yi asarar hannu da basira, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Littafin lissafin da baffanmu ya ƙi, shi ne da zai wanke shi daga zargi. Ai Alƙur'ani mai girma, cikin surar Baƙara, ya umurci a rubuta bashi tsakanin muminai, bai kuwa ce ban da 'yan uwa ba.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu masu sana'ar gida, ko alewa ce, ko burodi, ko kilishi, su tara 'ya'yansu tun suna da ƙarfi, a fayyace wane ne ke da me, wane ne zai ja ragama, nawa ne ladan kowa, a sa shaidu a rubuta. Kada a manta da matan da ke soya riɗi a cikin gida, su ma da guminsu a tukunyar. Rabon gado zai zo a lokacinsa bisa ƙa'idarsa, amma tsarin sana'a aikin mai rai ne. Allah ya shirya tsakaninmu da 'yan uwanmu, ya sa albarka a neman halalinmu, amin.