Takunkumi da Ƙirjin Mai Asma

Ranar 16 ga Afrilu 2020 aka rufe Kano saboda korona, bayan mako guda azumi ya kama, ga zafin bazara. Da aka fara sassauta dokar kulle, ana buɗe kasuwa a wasu ranaku, sai aka ce ba mai fita sai da takunkumi. Ga yawancin mutane takura ce kawai. Ni kuwa tun ina 'yar firamare nake fama da asma, ko'ina za ni inhela na cikin jakata, don haka maganar rufe hanci da baki ta tayar min da hankali ƙwarai.

Na farkon da na samu na atamfa ne, irin wanda teloli suka riƙa ɗinkawa da ragowar ƙyalle. Ninki uku, ga sitaci, ga warin rini. Ban kai bakin titi ba ƙirjina ya fara kukan nan da duk mai asma ya sani. Ƙanwar maigidana ta kawo min wani mai laushi, ta ce, "Anti, har na turara miki shi." Da zuciya ɗaya ta yi, Allah ya saka mata, amma turaren wuta a bakin hancin mai asma fitina ce. Takunkumin N95 kuma ya matse min fuska, a ƙarƙashin hijabi gumi sai ka ce an kwara min ruwa.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne kallon da ake yi min idan na janye shi don in shaƙi inhela. Mai tari a wancan lokacin abin gudu ne, ba wanda zai tsaya ya tambaye ki ko asma ce.

Likitar da ke duba ni ce ta kwantar min da hankali. Ta maƙala min na'urar auna iskar jini a yatsa ina sanye da takunkumin, lambar ba ta sauka ba. Ta ce, "Hajiya, iska na shiga. Zafi da danshi da ƙamshi ne ke tayar miki da asmar, sai fargaba." Ta kuma ja min kunne kada in yi wasa da inhelar rigakafi ta kullum, in dogara da shuɗiyar inhelar gaggawa kaɗai.

Daga nan na je wurin wani dattijon tela a unguwarmu. Na ce, "Baba, farin yadin auduga nake so, ninki biyu." Shi ya kawo dabarar ɗinki a tsakiya yadda ƙyallen zai ɗago, ba zai manne wa baki ba idan na ja numfashi, ya sa masa igiya mai ɗaurewa ta bayan kai a kan hijabi. Da sabulu mara ƙamshi nake wanke takunkuman, in shanya a rana, da zarar ɗaya ya jiƙe in canza.

Da hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, na ga wani amfanin da ban zata ba: iskar da ke shiga ƙirjina ta rage sanyi da ƙura, tarin dare ya yi sauƙi. Har yau, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba na hawa adaidaita sahu ba tare da shi ba.

'Yar'uwa mai asma, idan takunkumi ya shaƙe ki, duba yadinsa da ƙamshinsa tukuna, sannan ki je da shi wurin likitanki a auna ki kina sanye da shi.