Daga Gada Biyu Zuwa Ramukan Kuza

Matafiyin da ya sauka a Gada Biyu, cikin unguwar Kabong ta Jos, zai tarar da hayaniyar motoci da 'yan kasuwa, ga kuma sanyin nan na Filato. In ya ɗaga kai wajen hanyar Rukuba, sai ya hango duwatsu jere. Arzikin garin yana ƙarƙashinsu.

Tun wajen 1904 Turawa suka fara haƙar kuza a wannan ƙasa, Hausawa leburori da fatake suka yi ta kwararowa. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, aka bar wa jama'a kududdufai da tulin yashi. Amma a cikin yashin da tsaunukan akwai duwatsu masu daraja, irin su tofas da zarkon da akwamarin.

Abin takaici, yawancinsu ɗanye ake kwasa zuwa Bankok ta Tailan da Jaifur ta Indiya, inda ake yanka su a sayar da tsada. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhali kuwa mayar da dutse abin ado bai gagari talaka ba. In an goge shi ya yi sheƙi, sai a naɗe shi da wayar jan ƙarfe, mai kauri ta riƙe shi, siririya ta ɗaure, ba huji ba wuta. Filaya da haƙuri sun isa a fitar da abin wuya ko 'yan kunne.

Samarin Jos suna da dutsen a ƙofar gida. Saura su koyi aikin.