Mazaunin inji a motar da aka gina a gida

A Amurka, inda al'adar gina mota a garejin gida ta kafu, mutane da yawa sukan ɗauki injin LS1 na kamfanin General Motors, wanda ya fara fitowa a motar Corvette a 1997, su dasa shi a tsohuwar motar da ba don shi aka ƙera ta ba. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne ƙera mazaunin inji, wato ƙarfen da ke ɗaure inji da shasi, wanda akan sa masa roba a tsakani domin ta shanye girgiza. Magini yakan rataye injin da sarƙa, ya yanka samfuri da kwali, ya kwafe shi a farantin ƙarfe, sannan ya ɗiga walda kaɗan-kaɗan, saboda sau da yawa sai an sauke injin an sake aunawa idan kaskon mai ya taɓa sandar sitiyari.

Abin da ido ba ya gani ya fi wuya. Akan karkatar da inji da giyabos ƙasa ta baya da kamar digiri 3, kuma dole kusurwar aksil ɗin baya ta dace da wannan, domin gaɓoɓin farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ba sa juyawa da gudu ɗaya idan sun lanƙwasa, sai gaɓa ta biyu ta gyara saɓanin ta farko. Kuskure kaɗan a nan yakan ɓuya har sai motar ta hau titi, inda direba zai fara jin girgiza a ƙarƙashin kujerarsa.