Kafin ka sa wa babur ɗinka birkin faifai a gaba, karanta wannan

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da data, mu leƙa gareji, saboda wata tambaya da nake yawan sha daga masu babur: wai nawa zai ci a cire birkin gaba na ganga a sa mai faifai, wanda bakanikai ke kira dis? Amsata kullum ita ce, ɗan uwa, kafin mu zo kan kuɗi, yaushe rabonka da taɓa birkin gaban da kake da shi yanzu?

Ka tsaya bakin titi ka ƙare wa baburan da ke wucewa kallo. Da yawa za ka ga hannun birkin gaba yana reto, wani waya ta tsinke tun bara, wani kuma da gangan ya sa aka sassauta shi, wai birkin gaba kayar da mutum yake yi. Da ƙafa kawai ake tsayawa. Ga mata da yara a baya, ko buhun masara biyu.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da ka ja birki, nauyinka da na babur da na kaya yana komawa gaba. Shi ya sa kake jin kan babur ya duƙa. Tayar gaba ta danne ƙasa ta kama sosai, ta baya kuma ta yi sakayau, kana ƙara taka ta sai ta fara ja a kwalta tana wulla gindi. Masu koyar da tuƙin babur kan ce kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Wanda ya bar birkin gaba ke nan ya ajiye mafi yawan birkinsa a gida.

Ka haɗa wannan da lissafin gudu. Idan kana tafiyar kilomita 60 a awa, kana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tun kafin hannunka ya kai ga birki. Kuma idan ka ninka gudu sau 2, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya sau 4 yake ninkawa. Yaron da ya fito da gudu daga bayan motar da aka faka, a 'yan mitocin nan rayuwarsa take.

To me ya sa mutane ke faɗuwa da birkin gaba? Saboda cafkarsa suke yi lokaci guda. Idan ka fizge shi kafin nauyi ya sauka kan taya, ko kana cikin kwana, ko kan yashi, tayar za ta kulle ta zame. Yadda ake yi shi ne ka fara taɓawa a hankali, ka ji kan babur ya duƙa, sannan ka ci gaba da matsawa kamar mai matse lemun tsami, ƙafarka kuma tana taimakawa a baya. Wannan hannu ne ke koyonsa, babu shagon da ake sayar da shi.

Ni babur ɗina irin na kowa ne, ganga gaba ganga baya, kamar yadda yawancin Boxer da ke yawo a titunanmu suke. Da na yi niyyar ƙara masa ƙarfin birki, sai na fara da gwaji. Na samu fili mai kwalta inda babu mutane, na ja layi da gawayi, na taho a kan 40 na ja birki daidai layin, na ƙirga taku nawa na ci kafin na tsaya. Na rubuta a waya. Bayan kowane gyara sai in koma in sake. Ka yi haka kai ma, don kada ka kashe kuɗi kana tsammanin an samu canji alhali ƙyalli kawai ka saya.

Gyaran farko wayar birki ce. Idan ta yi tsatsa a ciki ko ta fara warwarewa, rabin ƙarfin hannunka a hanya yake ƙarewa. Sabuwa ba ta da tsada. A sa mata ɗan mai, a bi da ita ta inda ba za ta lanƙwashe ba, sannan a ɗaure notin da ke ƙasa yadda hannun birki zai yi wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara kamawa. Idan ka matsa har ya taɓa robar hannu, ba ka da birki.

Na biyu fatar birki, wato shu. Ka sa a buɗe gangar a gabanka, kuma ka ɗauki hoto da wayarka kafin a kwance komai, don ka ga an mayar da kowane sifirin inda yake. Idan fatar ta cinye, ko ta yi santsi tana ƙyalli kamar gilashi, ko mai ya taɓa ta, a canza duka biyun. A nan ne jabu ya fi yawa. Mai araha kan yi ƙara, ta ƙi kamawa idan ta yi zafi, wata ma fatar kan ɓalle daga jikin ƙarfen ta kulle taya kana cikin gudu. Ka sayi ta kamfanin babur ɗinka a wurin dilan da ka sani. A goge cikin gangar da samfefa, a share ƙurar da tsumma mai ɗan laima. Kada ka bari yaron shago ya hure ta da baki, ƙurar birki tana yi wa huhu illa. Ɗan ƙarfen da ke juyawa ya buɗa fatar a sa masa giris kaɗan, amma ko ɗigo kada ya taɓa fatar.

Na uku taya da shokozoba. Birki taya yake tsayarwa, taya kuma ita ke tsayar da babur. Idan zanenta ya shafe ko iska ba daidai ba, ko birkin jirgin sama ka sa zamewa za ka yi. Shokozoba mai yoyo kuma man nata gangarowa yake yi ya shiga birki. Haka boris na wuyan babur, idan ka ja birkin gaba ka tura babur kana jin ƙwas-ƙwas, a duba shi.

Da na gama waɗannan uku na koma filina, takun ya ragu a fili, kuma kuɗin da na kashe bai kai kusa da na faifai ba. Mutane da yawa a nan ya kamata su tsaya. Mai zirga-zirgar cikin gari da gudu daidai misali, ganga mai lafiya ta ishe shi.

Amma akwai wanda faifai zai yi wa amfani na gaske: mai ɗaukar kaya masu nauyi, mai doguwar tafiya a babban titi, mai bin hanya mai gangara. Ganga a rufe take, tana tara zafi, idan aka daɗe ana jan ta sai ta yi sanyin kamawa. Faifai a waje yake iska na dukansa, ruwa ma idan ya taɓa shi nan da nan yake sharewa, ba ya buƙatar a riƙa ɗaure noti, kuma da yatsu biyu za ka samu abin da sai da hannu duka kake samu a ganga.

Idan kana cikin waɗannan, ka san cewa ba faifan kaɗai ake saya ba. Saiti ne: ƙafar shokozoba mai kunnuwan ɗaurawa, wili mai wurin ɗaura faifai, shi kansa faifan, madamƙin da ke cafke shi, famfon mai na kan hannu wanda ake kira masta, da tiyo. Mafi aminci shi ne ka samo gaban babur gaba ɗaya daga samfurin kamfani ɗaya wanda da faifai ya fito. A tabbatar kaurin sandar da ke riƙe taya ɗaya ne, girman wili ɗaya ne, kada a sa maka inci 18 a inda 17 yake, kuma wayar mitar gudu ta samu mazauni. Masta da madamƙi su zama na gida ɗaya, don idan girmansu bai dace ba, hannun birki zai yi tauri kamar itace ko ya yi laushi har ƙasa. Idan na hannu ka saya, duba jikin faifan, akwai lambar mafi ƙarancin kauri da aka buga a kai, idan ya cinye ƙasa da haka ka bar musu kayansu.

Abu ɗaya da nake roƙonka: duk bakaniken da ya ce zai yi maka waldar ƙarfe a jikin shokozoba don ya ɗaura madamƙi, ka yi masa godiya ka tura babur ɗinka gaba. Duk ƙarfin tsayawa a wannan wurin yake taruwa. Ranar da waldar za ta balle ita ce ranar da ka ja birki da dukan ƙarfinka.

Sai maganar mai. Ka karanta murfin masta, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4, shi za ka zuba, daga sabuwar kwalba a rufe. Kada a haɗa da DOT 5, wani iri ne daban. Baƙin mai na inji kuwa kumbura robobin ciki yake yi ya kashe birkin. Man birki yana shan laimar iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, kuma yana cin fenti, idan ya zuba a wanke nan take. Bayan an haɗa, a fitar da iska daga tiyo har sai hannun birki ya yi ƙarfi. Idan kana jin sa kamar soso, akwai sauran iska, kada ka hau titi. A juya kan babur hagu da dama har ƙarshe a ga tiyo bai ɗame ba, bai kuma goga taya ba. A haɗa wayar fitilar birki, don na bayanka ya san ka tsaya.

Sabon birki ba ya kamawa sosai a ranar farko. Ka yi ta tsayawa a hankali sau da yawa har fatar ta zauna a kan faifan. Kuma ka tuna faifai ya fi ganga saurin kulle taya a kan yashi. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, tun 2019 doka ta wajabta wa sababbin baburan da suka haura cc 125 na'urar ABS mai hana taya kullewa. Saitin da za ka ɗaura ba shi da ita, don haka yatsunka ne za su yi aikinta. Ka koma filin nan ka yi ta gwaji har hannunka ya saba.

Yau da yamma idan ka koma gida, ka kama hannun birkin gaba ka matsa, ka tura babur. Idan ya tafi, ko hannun ya taɓa roba, gobe da safe gareji za ka fara zuwa kafin ka ɗauki yara zuwa makaranta. Ka tura wa duk wani mai babur da ka sani. Mu sauka lafiya.