A Auna Kafin a Saya

A ƙasarmu ta Gumel ba mai sayen gero sai an auna masa da mudu yana kallo. Amma abin mamaki, mutumin da zai yi gardama a kan mudu guda, shi ne za ka ga ya miƙa kuɗin riɗinsa na shekara a sayo masa kayan inji, bai tambayi awo ba. Ni akawu ne, aikina rubutu da lissafi. Sai dai maƙwabtana a Ɗanzomo da yawa direbobi ne, ni sukan kawo wa takardun gareji in duba musu, har na gane yawancin asararsu daga lamba guda take tasowa.

Ga yadda abin yake. A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda, inda fistan ke hawa da sauka. A jikin fistan akwai zobba, watau ringi, su ke hana ƙarfin wuta sulalewa ƙasa, su hana baƙin mai hawa sama. Daga ƙasa kuma akwai karanshaf, sandar da ke juyawa, tana kwance cikin waɗansu ɓawon ƙarfe masu taushi da makanikai ke kira metal. Tsakaninsu akwai 'yar kafa wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, nan baƙin mai ke shiga ya raba ƙarfe da ƙarfe.

Motar da ke zuwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis tana shan rairayi da ƙurar hunturu. A kwana a tashi ramin ya faɗaɗa, sandar ta sirance, mota ta soma shuɗin hayaƙi, ƙarfinta ya ragu. In an sauke inji, mai injin gurza yakan ƙara wa rami faɗi, ya rage wa sanda kauri, har su koma sumul. To, nan ne wurin lura. Rami girma yake yi, saboda haka fistan da ringi masu girma ake nema masa. Sanda kuwa ƙanƙancewa take yi, sai a nemi metal mai kauri ya cike gurbin. Gurzar nan mataki-mataki ce: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 na milimita. A lissafin inci su ne 010, 020, 030 da 040. Kayan injin da ba a taɓa gurzawa ba akan buga musu STD. Lambar rami dabam, ta sanda dabam, kada a haɗa su.

Wani maƙwabcina motarsa ta soma hayaƙi, aka ba shi shawara ya sayi ringi mai girma ya sa a ramin da ba a gurza ba, wai zai fi kamawa, kuma ya huta da kuɗin gurza. Aka goge bakin ringin, aka gwada shi a saman rami kaɗai. Alhali kuwa rami ba ya cinyewa daidai, sama ya fi cinyewa, gama can ne zafi yake. Ringi kuma yana bukatar tsaga tsakanin bakunansa biyu, wajen 0.3 na milimita a ramin da faɗinsa ya kai milimita 80, domin ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake yi. Da ringin nan ya sauka inda rami ya matse, sai bakunan suka haɗu, ya karye, ya kakkarce silinda. Bawan Allah bai kai Gagarawa ba. Sai da ya sayar da bijiminsa na huɗa kana motar ta tashi. Araha ba ta ado.

Haka metal yake. In ya matse, baƙin mai ba zai sami hanya ba, sanda ta kame. In ya yi sako-sako, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Kuma ba kowane inji ake gurza raminsa ba. Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, zare silindarta ake yi a sa sabuwa tare da fistan ɗinta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za a sauke muku inji ku tsaya a wurin. Ku juya tsohon metal ku karanta lambar da ke bayansa, ita za ta nuna ko an taɓa gurza sandar. Ku ce a auna da ma'aunin da ake kira maikuromita, sa'an nan mai gurza ya rubuta lambobin a takarda. Da takardar nan za a tafi Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada ta da abin da ke jikin kwali kafin a biya. Makaniken kirki ba ya fushi da mai tambayar awo.

Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci, kun riga kun mallaki abin da ake bukata, gama wanda ya iya bambanta 0.25 da 0.50 ya iya tsare dukiyarsa. Takardar kuma a adana ta tare da takardun mota, domin wata rana za a sāke neman ta. Allah ya kiyaye hanya.